Alfarma Ko Haƙƙi? Kalmomin Da Ɗalibi Mai Nakasa Ya Rasa A Hausa

Shekarun baya kaɗan, lokacin ina koyarwa a wata sakandaren jeka-ka-dawo, ina zaune a ofishin shugaban makaranta sai ga wani dattijo ya yi sallama. Ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya rusuna, ya ce, "Ranka ya daɗe, alfarma na zo nema." 'Yarsa ce ta samu shiga aji huɗu. Shan inna ya shanye mata ƙafafu tun tana goye, a keke take zuwa makaranta, ga shi an kai ajinsu saman bene. Roƙonsa shi ne a sauko da ajin ƙasa. Shugaban namu mutumin kirki ne, bai ja zance ba. Ya ce, "Haba Baba, tashi ka zauna a kujera. Ai wannan ko don Allah ma a yi." Aka musanya ajin da wani na ƙasa, dattijo ya fita yana sa albarka, idonsa taf da ƙwalla.

Na daɗe ina tauna kalmar nan ta alfarma. Abin da bawan Allah nan ya durƙusa yana roƙo yana da suna a yarjejeniyar duniya kan haƙƙin masu nakasa da Najeriya ta rattaba wa hannu, kuma a cikinta hana shi nuna wariya ne. Shi bai san sunan ba, shugaban makaranta bai sani ba, ni ma da ke gefe a lokacin ban sani ba. Da an ce mu faɗe shi da Hausa, kame-kame za mu yi ta yi. Mun shafe shekaru muna gardama a rediyo kan sunan da ya dace a kira mai nakasa, kuma gardama ce mai amfani. Amma kalmomin da ke ɗauke da haƙƙinsa, waɗanda zai shiga ofis da su ya fito da biyan buƙata, har yau suna kwance cikin Turanci a takardun Abuja. Shi ya sa iyaye ke zuwa da kalmar da suke da ita, wato roƙo.

Gardamar sunan ita aka fi sani, don haka da ita zan soma. Bahaushe tun asali kowa da sunansa yake kiransa: makaho, gurgu, kurma, bebe, kuturu, zabiya, wada. Har sarauta ya yi musu, akwai Sarkin Makafi, Sarkin Guragu, Sarkin Kutare, masu sasanta rigimar jama'arsu da kai kukansu fada. Tsari ne da ya ba su murya, sai dai ya ɗaure su da sana'a guda, bara. Ana ganin sawun haka a kalmomin da ke tattara su gaba ɗaya. Miskini a Larabci matalauci ne, amma a bakinmu ya koma sunan duk wanda ya rasa wata gaɓa, ko da ya fi mai kiransa kuɗi. Shi kuwa "nakasasshe", a duba ginin kalmar: awonsa ɗaya da fasasshe, karyayye, lalatacce. Irin wannan gini yana nuna abin ya auku ya gama, ya kuma game jikin abin duka. Tulu fasasshe ba ya da sauran amfani. Wanda ya ce ba ya son a kira shi da wannan suna, ba tsirfa yake yi ba.

Don guje wa haka ne 'yan jarida suka rungumi "masu buƙata ta musamman", wasu su ce "masu lalura ta musamman". Niyyar mai kyau ce, amma yana da kyau a san inda kalmar ta fito. A 1978 wani kwamiti a Ingila ƙarƙashin Mary Warnock ya fitar da rahoto kan karatun yara masu nakasa. A lokacin ana rarraba yara gida-gida da laƙabai masu muni, har da wanda ke nufin "ƙasa da na kowa a ilimi". Kwamitin ya ce a daina kallon laƙabi, a dubi irin tallafin da yaro ke buƙata a aji, ya kuma ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin biyar zai buƙaci irin wannan tallafi a wani lokaci na karatunsa. Ke nan kalma ce ta cikin makaranta, mai faɗi, wadda ta haɗa da yaron da lafiyar jikinsa ƙalau amma karatu ya tsaya masa. A manufar ilimi ta Najeriya har yara masu baiwa ta fice an sa su ƙarƙashin ilimi na musamman. Mu sai muka ciro ta daga can muka mai da ita sunan ladabi ga makaho ɗan shekara sittin.

Ni ina da ja a kanta. Mece ce buƙatar yarinyar nan mai keke? Ta shiga aji, ta ga allo, ta zaga bayi in ta matsu, ta rubuta jarrabawa. Wanne ne na musamman a ciki? Buƙatar kowane ɗalibi ce. Da zarar an ce abu na musamman ne, kunnen ma'aikacin gwamnati abin da yake ji shi ne ƙari, wanda za a yi in kuɗi sun yi saura, kuma kuɗi ba sa saura. Sannan kalmar tana lulluɓe abin da ya kamata a faɗa ƙarara. Idan takarda ta ce makaranta na da masu buƙata ta musamman 40, wa zai san ko injin rubutun makafi za a saya ko tafintan kurame za a ɗauka? Indiya ta gwada abin da ya fi wannan zaƙi. A ƙarshen 2015 Firaminista Narendra Modi ya ba da shawarar a riƙa kiran masu nakasa da wata kalma mai nufin masu gaɓa mai tsarki, aka kuwa shigar da ita cikin sunan sashen gwamnati mai kula da su. Ƙungiyoyin masu nakasa na ƙasar da dama suka ce ba su so, domin kirari ba ya rushe matakala. Ita kanta dokar Najeriya ta hana nuna wa masu nakasa wariya, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, da hukumar da aka kafa a kanta a 2020, "mutane masu nakasa" suka ce.

A nan Hausa ta yi mana gata. Turawa sun daɗe suna jayayya kan ko mutum za a fara ambata ko nakasarsa, a Amurka mutum ake fara ambata, masu fafutuka a Ingila kuwa nakasar suke farawa da ita. Mu kuwa muna da "mai". Mai nakasa kamar mai hula ne ko mai gemu, mutum ne da ke tare da wani abu, abin bai cinye shi ba. Kuma ban yarda cewa makaho ko kurma zagi ba ne a karan kansu. Alƙur'ani a Suratu Abasa "makaho" ya kira Abdullahi ɗan Ummi Maktum, kuma abin da aka yi gargaɗi a kai a surar shi ne juya masa baya lokacin da ya zo neman ilimi. Malaman hadisi sun san Al-A'araj, wato gurgu, da Al-A'amash, mai raunin gani, da waɗannan laƙaban aka ruwaito daga gare su, malamai kuma suka ce ya halatta in don a gane mutum ne, ya haramta in don a ƙasƙanta shi ne. Kurame da yawa a duniya sun fi son a ce musu kurame a kan "masu matsalar ji", don suna ganin kansu al'umma ce mai harshenta. Kalmomin da suka fi yi mini ciwo wasu ne daban. Muna cewa "masu nakasa da masu lafiya", alhali makahon da ke gabanka ko ciwon kai ba ya yi. Muna ce wa kurma bebe ko da yana magana. Muna ci gaba da kiran mutum kuturu, muna ƙin haɗa kwano da shi, bayan ya sha magani ya warke shekara ashirin, ga shi kuturta ciwo ne da ake warkewa, maganinsa ma kyauta ake ba da shi.

To, a bar suna haka. Inda aikin yake shi ne gaba.

Abu na farko da ba mu raba ba a Hausa shi ne abin da ke jikin mutum da abin da ke kan hanyarsa. A 1976 wata ƙungiyar masu nakasa a Ingila ta fito da wani bayani da ya juya tunanin duniya, wanda wani malamin jami'a mai amfani da keke, Mike Oliver, ya raɗa wa suna a 1983, wato kallon nakasa ta fuskar al'umma. Suka ce akwai tawaya, ita tana jiki: ƙafar da ba ta takawa, idon da ba ya gani. Akwai kuma shinge, shi jama'a ne suka gina shi: matakala, littafin da ido kaɗai ke karantawa, malamin da ke cewa "ba ma ɗaukar irinku". Nakasa tana aukuwa ne inda tawaya ta yi karo da shinge. Yarinyar nan a ajin ƙasa ɗaliba ce kamar kowa, a ajin bene ta zama wadda ba ta iya zuwa makaranta, kuma ƙafafunta ba su canza ba tsakanin ajin biyu. A kan wannan fahimta aka gina yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa, wadda aka amince da ita ranar 13 ga Disamba 2006. Nijar ta tabbatar da ita a 2008, Najeriya a 2010. Amfanin raba kalmomin biyu shi ne yana nuna wanda gyara ya hau kansa. In matsalar duk a ƙafa take, sai likita da addu'a. In akwai ta a bene, ma'aikatar ilimi ta shigo ciki. Ban ce komai shinge ba ne. Mai ciwon laka da ke kwana da raɗaɗi, ko an share masa hanyar duniya duka raɗaɗin na nan. Amma a makarantunmu, abin da ya fi korar yara mu muka gina shi da bulo da siminti.

Kalma ta biyu ita ce wadda sashe na 9 na yarjejeniyar ya tsaya a kai, ni kuma nake fassara ta da "sauƙin isa": a tsara gini, hanya, mota, littafi da shafin intanet ta yadda kowa zai kai gare su da kansa, ba sai an ɗauke shi ba. Sharaɗinta shi ne tun kafin mai buƙata ya zo ake yin ta. Ba a jiran gurgu ya tsaya a ƙofa sannan a fara neman magini. Kuma tana da awo, ba gani-da-ido ba ce. Ƙa'idar da aka fi bi wajen gangarar hawan keke ita ce duk tsayi ɗaya a ba shi tsawo 12. Matakala uku masu santimita 15 kowace, tsayinsu 45 ke nan, don haka gangararsu sai ta kai mita 5 da santimita 40. A je a duba irin waɗanda ake liƙawa a ƙofar gine-ginenmu, mita ɗaya da ɗoriya, a tsaye kamar bakin kwalbati, mai keke ba ya iya hawa, in kuwa saukowa ce sai dai Allah ya kiyaye. Wata an yi ta daidai, amma ƙofar da take kaiwa gare ta an garƙame da kwaɗo, ko kuma an shiga aji lafiya, bayi kuwa ƙofarsa ba ta cin keke. Mun fassara kalmar da "gangara" kawai, mun tsaya nan.

Alhali rabinta ba a siminti yake ba. Malamin jami'a da ya ɗauki hoton handawut ya tura wa ɗalibai a WhatsApp, a ganinsa ya kyauta wa kowa. Ɗalibi makaho yana da manhajar da ke karanta masa rubutu a waya da kwamfuta, amma hoton shafi ba ya karantuwa yadda rubutu na ainihi ke yi. Da malamin ya tura abin da ya buga tun asali, da magana ta ƙare, ko sisi bai kashe ba. Rubutun makafi da Louis Braille ya ƙirƙiro a Faransa a 1824, yana ɗan shekara 15, da ɗigo shida kacal, shi ma sauƙin isa ne. Haka tafintan kurame a taro, haka manyan haruffa. Najeriya ta shiga yarjejeniyar Marrakesh ta 2013 wadda ta halatta a juya littafi zuwa sigar da makaho zai karanta ba tare da jiran izinin mai littafin ba. Dokarmu ta 2019 kuwa ta ba gine-ginen gwamnati da na jama'a wa'adin shekara biyar su gyara, wa'adin ya cika a Janairun 2024. Duk mai shiga makarantun gwamnati ya san iyakar abin da aka yi.

Kalma ta uku ita ce ta dattijon nan, kuma ita ce ta fi shan wahala a wurinmu. A Turance sunanta ya yi kama da abin da ɗalibanmu ke kira akomodeshan, wato gadon kwana a hostel. Na sha jin an karanta ta a takarda an ɗauka masauki ake nufi. Ma'anarta a sashe na 2 na yarjejeniyar ita ce gyaran da ya wajaba a yi wa wani mutum takamaimai, a wani hali takamaimai, don ya samu abin da kowa ke samu, matuƙar gyaran bai zama nauyin da ya wuce kima ba. Ni "daidaitawa gwargwadon buƙata" nake ce mata. Abin sha'awa, ba a kan nakasa aka fara amfani da ita ba. A dokar ƙwadago ta Amurka, a 1972, an wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya daidaita aiki da ibadar ma'aikaci, kamar dai a ce a ba mutum damar zuwa Juma'a. Daga baya aka ɗauko ta zuwa ga masu nakasa. Bambancinta da sauƙin isa kamar na kayan kanti ne da ɗinkin tela. Na farko an yanka shi da faɗi don ya shigi jama'a, na biyu sai an ɗora tef a kafaɗar mutum an auna shi, an kuma tambaye shi yadda yake so. Makafi biyu ba lalle buƙatarsu ta zo ɗaya ba: wanda aka haifa da makanta ya iya rubutun makafi, wanda ya makance a aji biyar wataƙila sai dai a karanta masa.

Abubuwa biyu ne ya kamata kowane uba ya riƙe a nan. Gyaran gine-ginen ƙasa duka ana iya cewa sannu a hankali za a yi shi, amma daidaitawa ga ɗalibin da ke tsaye a gabanka tana wajaba ne nan take da ya nema. Sannan yarjejeniyar ta faɗa ɓaro-ɓaro cewa ƙin yin ta nuna wariya ne, daidai da korar yaron. Wannan "gwargwado" da ke ciki ba ya nufin in oga ya ga dama. Yana nufin wanda ya ƙi, shi ne zai kawo hujjar cewa abin ya fi ƙarfinsa. Makarantar ƙauye tana iya cewa ba ta da kuɗin na'urar hawa bene, a yarda da ita. Ba ta iya cewa sauya aji biyu ya gagare ta.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne mu da muka tashi da karatun fiƙihu bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba. Imrana ɗan Husaini yana fama da basir ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yadda zai yi salla. Aka ce masa ya yi a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Wanda ruwa zai cutar ya yi taimama. Shin akwai wanda ya taɓa zuwa gaban liman ya rusuna ya ce alfarma yake nema a bar shi ya yi salla a zaune? Babu. Ya san rangwamen nasa ne, a cikin hukuncin yake, ba daga aljihun liman ya fito ba. Wannan ita ce ruhin daidaitawa.

Misalin sallar yana kuma taimakawa wajen raba wasu kalmomi biyu da malaman makaranta ke cakuɗawa, ko da yake misali ne kawai nake bugawa, ba fatawa ba. Mai salla a zaune raka'a huɗunsa yake kawowa cif, siga ce kawai ta canza. Matafiyi mai ƙasaru kuwa an rage masa adadin ne zuwa biyu. A makaranta ma haka: akwai canza hanya, akwai rage kaya. Ƙarin lokaci a jarrabawa, karanta wa makaho tambaya, ba wanda hannunsa ke rawa mai rubuta masa abin da ya faɗa, duk canza hanya ne, tambayar ba ta ragu ba, ma'aunin maki bai sauka ba. Yatsa ba ya gudun ido wajen karatu, don haka ƙarin lokacin ba fifiko ba ne, an mayar wa ɗalibi abin da siga ta ci masa ne. Irin wannan ne hukumar JAMB ta tsara a 2017 lokacin da ta kafa wani kwamiti ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola don shirya wa makafi jarrabawar shiga jami'a a cibiyoyi na daban. Rage kaya kuwa, wato sauƙaƙa abin da za a koya shi kansa, yana da wurinsa ga yaron da ke da tawayar fahimta, kuma ƙwararru ne ke tsara shi tare da iyaye. Abin da muke yi mu sau da yawa ba ɗaya daga cikin biyun ba ne. Mukan hana yaro kayan karatu shekara guda, in jarrabawa ta zo malami ya ce, "A ba shi arba'in don Allah, miskini ne." Sadakar maki ke nan. Yaro ya fita da takarda ba ilimi, sannan a ce ai ga shi an gwada su ba sa iyawa.

Sai kalmar da ta fi yawo a tarurrukan ƙungiyoyi, wadda taron Salamanca na ƙasar Sifen ya yayata a 1994: a koyar da kowane yaro a makarantar unguwarsu tare da sa'o'insa. Wasu na fassara ta da "ilimin bai-ɗaya", amma wannan suna tuni hukumar UBEC ta riga ta ɗauke shi, kuma ma'anarsa ta kusa zama kishiyar abin da ake nufi, tunda bai-ɗaya na nuna a yi wa kowa iri guda. 'Yan siyasa sun ba mu wadda ta fi dacewa: damawa da kowa. Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yarjejeniyar ya rarrabe hali huɗu a 2016. Akwai yaron da aka bari a gida ko a bakin titi. Akwai wanda aka keɓe a makarantar irinsa zalla. Akwai wanda aka sa a ajin kowa amma ba a canza komai ba, shi ne zai san yadda zai yi. Akwai kuma wanda aka gyara koyarwa da kayan aiki da jarrabawa don su ɗauke shi. Na ukun nan shi ne jefa curin fura cikin nono a tafi a bar shi. Suna ƙwarya ɗaya, amma kowa ya san ba a dama ba. Kurman da ke zaune a bencin baya yana kallon leɓen malami daga safe zuwa azahar, a rajista an dama da shi.

Dokar 2019 ta ce makarantun gwamnati su zama na kowa, kowace ta samu aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar, a kuma sa rubutun makafi da maganar hannu a manhajar karatu. Ina goyon bayan haka, amma ba na cikin masu yi wa makarantun musamman kallon raini. Makarantar makafi ta Gindiri da 'yan mishan suka buɗe a 1953, da ta Tudun Maliki a Kano, sun fitar da mutanen da ba don su ba da bara za su ƙare. Kwalejin horar da malamai ta musamman da aka kafa a Oyo a 1977 ta daɗe tana yaye malamai, amma ina za su ishi ƙasa? A ajin da yara suka haura ɗari, malami ɗaya, alli ma sai an yi karo-karo, rufe makarantar kurame da sunan damawa zalunci ne. Kurma yana buƙatar jama'ar da za su yi hira da shi da harshensa. Harshen ma akwai magana a kansa. Kuramen ƙasar Hausa suna da tasu maganar hannu ta gado, wadda wata Bajamushiya mai nazarin harsuna, Constanze Schmaling, ta zauna a Kano ta nazarta ta wallafa a 2000. Wadda ake koyarwa a makarantu kuwa jikar ta Amurka ce, ta shigo ta hannun Andrew Foster, wani kurma baƙar fata ɗan mishan da ya buɗe makaranta a Ghana a 1957, ya buɗe a Ibadan a 1960. Idan doka ta ce "maganar hannu", wacce take nufi? Yaro na iya dawowa hutu ya tarar hannunsa da na mahaifiyarsa ba sa jin juna sosai.

Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne yaran da abin da ke damunsu ko suna ba shi da shi a Hausa. Akwai yaro mai kaifin basira, in ka yi masa bayani da baki ya riƙe tsaf, amma haruffa ba sa zauna masa, ya shekara uku bai haɗa baƙi ba. Likitoci na kiran wannan disleksiya. Mu daƙiƙi muke ce masa, maganinsa kuma bulala. Akwai wanda ba ya haɗa ido da mutane, hayaniya na firgita shi, yana maimaita abu ɗaya. Kafafen labarai sukan ce galahanga, amma kalmar nan an ɗora mata kaya da yawa, yau a kira irin wannan yaron mai otizim da ita, gobe a kira wanda ƙwaƙwalwarsa ta samu rauni wajen haihuwa har gaɓoɓinsa suka sandare, alhali na biyun sau da yawa fahimtarsa garau take, jiki ne kawai ba ya bin umarni. A wasu gidajen har yanzu "ɗan ruwa" ake cewa, a ɓoye yaro a ƙuryar ɗaki. Muna kuma haɗa tawayar fahimta da taɓin hankali a kalma ɗaya, ga su abubuwa biyu ne masu nisa da juna. Ko zabiya, da kowa ke ganin fatarsa, kaɗan ne suka san yawancinsu ganinsu na da rauni, abin da suke nema a aji bai wuce bencin gaba, manyan haruffa da izinin sa hula mai baki a rana ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa mutum biliyan 1.3, kusan ɗaya cikin shida na mutanen duniya, na rayuwa da wata nakasa mai tasiri. Wanda ya ji adadin ya ce an yi ƙari, keke da sanda kaɗai yake ƙirgawa.

"Sauƙin isa", "daidaitawa", "damawa", duk shawarata ce, kuma ba ni ne ya kamata in yanke ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ƙungiyoyin makafi da kurame da guragu, da sassan ilimi na musamman da na Hausa a jami'o'i irin su Bayero, da ma'aikatan rediyo da ke sa kalma ta zauna a bakin jama'a, su ne za su zauna su tsayar. A haɗa da 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, waɗanda su kuma tasu dokar cikin Faransanci take kwance, kada a wayi gari kan iyaka ta raba mu a kalma ɗaya. Sannan a fassara dokar kanta, a karanta ta a rediyo, mutane su ji cewa wanda ya nuna wa mai nakasa wariya tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida na jiransa, kamfani ko hukuma kuwa naira miliyan ɗaya.

Yarinyar nan ta yi shekara guda a ajin ƙasa, tana cikin na gaba-gaba a lissafi. Da aka dawo hutun ƙarshen shekara an yi wa shugaban namu canjin wurin aiki. Sabon da ya zo ya duba tsarin azuzuwa ya ce manyan aji a sama suke bisa al'ada, a mayar da kowa inda yake. Babu takarda ko ɗaya a fayil da ta nuna an taɓa yin wani abu, don alfarma ba a rubuta ta. Na je na yi masa magana, ya ce, "Malam, in na yi wa ɗaya sai kowa ya kawo tasa." Ban da amsar da zan ba shi a ranar sai cewa a tausaya. Ƙawayenta huɗu suka riƙa ɗaukarta da keken suna hawa da ita kowace safiya, su sauko da ita in an tashi, ba ta shan ruwa tun daga gida don kada fitsari ya kama ta a sama. Zango na biyu bai ƙare ba ta daina zuwa.